Kuseri: Garin da Yaƙi Ya Sha Ƙetarawa, da Abin da Yake Koya Mana

 

'Yan'uwa masu halartar masallaci da ɗalibanmu na Islamiyya, a wannan fitowa za mu ɗan ajiye fiƙihu da nahawu, mu leƙa tarihin wani gari da sunansa ba ya barin bakinmu a nan New Bell. Garin shi ne Kuseri, wanda ake rubutawa Kousseri a takardun hukuma. Direbobinmu suna ɗaukar shinkafa da sukari da siminti daga tashar jiragen ruwa ta Duwala, su yi tafiyar kimanin kilomita 1,800, su kwana a Kuseri suna jiran takardun kwastan kafin su shiga Cadi. Shanu da busasshen kifi da kanwa suna gangaro mana daga wancan yanki. Da wuya ka sami layi a unguwar Hausawa wanda babu mai ɗan'uwa ko suruki ko abokin ciniki a can. To, garin da muke cin abinci da shi haka, ai ya kamata mu san abin da ya gani a duniya.

Inda garin yake

Kuseri tana can ƙuryar arewacin Kamaru, a Jihar Arewa Mai Nisa wadda hedikwatarta take Marwa, kuma ita ce babban garin yankin Logon da Shari. Tana zaune daidai inda kogin Logon ya haɗu da kogin Shari, su zama ruwa guda su nufi tafkin Cadi. Idan ka tsaya a bakin ruwa kana hango Njamena, babban birnin Cadi. Idan ka juya yamma, tafiyar kimanin kilomita 100 za ta kai ka Fotokol, ka ƙetare zuwa Gamboru a Nijeriya. Kun ga ke nan ƙasar Kamaru a wurin ta tsuke kamar wuyan gora, ƙasashe biyu sun sa ta tsakiya. Duk wanda zai tashi daga Barno zuwa gabas, ko ɗan kasuwa ne, ko alhaji, ko mayaƙi, ko ɗan gudun hijira, nan ne mashiginsa. Wannan shi ne arzikin garin, shi ne kuma jarrabawarsa.

Ɗaliban Larabci su lura da sunan. Masu bincike da dama suna cewa ya samo asali ne daga kalmar "ƙusur", jam'in "ƙasr", wato manyan gine-gine ko fadoji. Masu garin na asali kuwa, da harshensu Mser suke ce masa.

Mutanen garin

Masu garin na asali su ne Kotoko. Suna danganta kansu da mutanen Sau, waɗanda suka zauna kudancin tafkin Cadi tun da daɗewa, suka bar tuddai da manyan tulunan ƙasa da ake tonowa har yau. Kotoko sun gina garuruwa masu ganuwa, kowanne da sarkinsa: Makari, Afade, Gulfe, Kuseri da Logon-Birni. Sana'arsu babba ita ce su, da manyan kwale-kwale masu ɗauke da taru a kan dogayen itatuwa, ana saukar da shi ruwa a ɗaga kamar ma'auni. Wajen ƙarshen ƙarni na 16, zamanin Mai Idris Aloma, ikon Barno ya yi ƙarfi a kan garuruwan Kotoko, Musulunci kuma ya ci gaba da kafuwa a cikinsu, daga fada zuwa talakawa. Limamin Mai Idris, Ahmad bin Furtuwa, shi ya rubuta tarihin yaƙe-yaƙen sarkin da Larabci. Wannan ma darasi ne ga ɗalibai: da liman bai riƙe alƙalami ba, da yawancin labarin ya tafi da masu shi.

A 1824 wani Bature ɗan Ingila mai suna Denham ya iso Kuseri daga Kukawa. Ya tarar da gari mai ganuwa, ya kuma ba da labarin yadda mutane suke gina ɗaki cikin ɗaki cikin ɗaki, don su tsere wa sauro da ƙudajen bakin kogi. Wanda ya taɓa kwana a can da damina ba zai yi musu ba.

Sai Larabawan Shuwa, makiyaya. Zuwan Larabawa yankin tafkin Cadi ba na jiya ba ne. Wajen shekarar 1391, Sarkin Barno Usman bin Idris ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ wasiƙa yana kukan wasu Larabawa da ke kai wa mutanensa hari, kuma malamin nan Alƙalƙashandi ya adana wasiƙar a littafinsa Subhul A'asha. Da tafiya ta yi tafiya, Larabawa suka bazu kudancin tafki da shanunsu, suka yi zama tare da Kotoko: wannan da ruwa da ƙasa, wancan da dabba da nono. Yau Larabcin Shuwa shi ne harshen kasuwar Kuseri. Wanda ya karanta Ajurumiyya zai ji suna ce wa ruwa "almi", ya gane cewa "alma'u" ce ta sha tafiya.

Akwai kuma Musgum da Masa daga kudu ta bakin Logon, masunta da manoma. Akwai Barebari, da Fulani, da Sara daga kudancin Cadi, da 'yan kudancin Kamaru da aikin gwamnati ya kai. Hausawa kuwa ciniki da hanyar hajji suka kai su. Kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, alhazai daga Kano da Katsina da Zazzau suna bi ta Maiduguri da Dikwa, su ƙetare ruwa a Kuseri, su nufi Abeshe, Darfur, Kartum, har bakin Bahar Maliya. Tafiyar takan ci shekaru. Wani guzuri ya ƙare masa ya tsaya neman na gaba, ya buɗe tsangaya ko ya kafa teburin fawa, ya yi aure, shi ke nan ya zama ɗan gari. Da yawa daga zangunan Hausawa na Cadi da Sudan haka suka samu.

Rabe da Faransawa: 1900

Yaƙin da ya fitar da sunan Kuseri a duniya shi ne na Rabe. Rabihu ɗan Fadlullahi mutumin Sudan ne, daga wajen Kartum. Ya yi aiki ƙarƙashin Zubairu Rahama, babban ɗan kasuwar bayi da hauren giwa. Da aka karya rundunar ɗan Zubairu a 1879, sai Rabe ya ja nasa mayaƙan ya yo yamma. A 1893 ya ci Bagarmi, ya ƙetare Shari ta ƙasar Kotoko, ya karya rundunar Barno, ya ƙone Kukawa, ya kafa hedikwatarsa a Dikwa. Ya ɗaga tutar Mahadiyya, har Hayatu bin Sa'id, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ke zaune a Balda kusa da Marwa, ya haɗa kai da shi ya auri 'yarsa Hauwa. Amma amanar ba ta ɗore ba. A 1898 aka kashe Hayatu a hannun mayaƙan ɗan Rabe.

A daidai lokacin Faransawa sun turo runduna uku su haɗu a tafkin Cadi. Ɗaya ta ratso Sahara daga Aljeriya ta Agadas da Damagaram, ƙarƙashin Foureau da Kwamanda Lamy. Ta biyu ta taso daga yamma ta ƙasar Hausa. Ita ce rundunar Voulet da Chanoine da ta yi ɓarnar da ba a mantawa a Birnin Ƙonni a 1899, daga baya Joalland da Meynier suka ja ragowarta. Ta uku ta hauro daga Kwango ƙarƙashin Gentil. A farkon Maris 1900 Lamy ya ƙwace Kuseri. Ranar 22 ga Afrilu 1900, cikin watan Zulhajji na 1317, ko mako biyu ba a yi da Babbar Salla ba, aka gwabza a sansanin Rabe da ke kusa da garin. Aka kashe Rabe, aka sare kansa. Lamy ma ya sami raunin da ya yi ajalinsa a ranar.

A nan, jama'a, akwai abin tsayawa a yi tunani. Turawan da ke filin nan 'yan kaɗan ne. Masu riƙe da bindigogin Faransa yawancinsu 'yan Afirka ne, daga Aljeriya da Senegal da ƙasar Bambara, ga kuma mayaƙan Sarkin Bagarmi Gwaranga, wanda Rabe ya rusa wa ƙasa. 'Ya'yan gidan Shehu Laminu na Barno su ma suna bayan Faransawa, don suna neman gadon ubansu. Masu salla ne a wannan ɓangare, masu salla ne a wancan. Wasu suna kallon Rabe a matsayin gwarzon da ya tsaya wa Nasara, kuma gaskiya ne ya yi musu ɓarna a 1899 kafin su ci shi. Amma mutanen Barno da Bagarmi suna tuna shi da ƙona gari da kama Musulmi bayi. Duka biyun sun faru, kuma na biyun ne ya share wa baƙo hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tuta ko da an rubuta sunan Allah a jikinta, idan zalunci ke tafe a ƙarƙashinta, ranar da mai ita zai nemi mataimaki ba zai samu ba.

Bayan wata guda, ranar 29 ga Mayu 1900, Gentil ya kafa bariki a ɗaya gefen kogin ya sa masa suna Fort-Lamy. Shi ne garin da aka mayar wa suna Njamena a 1973, daga wata kalmar Larabcin yankin mai ma'anar hutawa. Ashe Kuseri ta girmi babbar maƙwabciyarta da ɗaruruwan shekaru.

Tsakanin Jamus da Faransa

Abin mamaki, ƙasar da aka zubar da jinin nan a kanta, a takarda ba ta Faransa ba ce. Tun 1894 Faransa da Jamus suka zauna a Turai suka mai da kogin Shari iyaka, Kuseri ta faɗa rabon Jamus, ba tare da an tambayi ko mutum ɗaya daga masu garin ba. Jamusawa suka iso a farkon shekarun 1900 suka kafa barikinsu, suna kallon na Faransawa ta ƙetaren ruwa. Daular Barno ta rabu uku tsakanin Ingila, Jamus da Faransa. Kogin da a da yake haɗa dangi, ya koma layin da ake tambayar takarda.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi a Agusta 1914, Kuseri na cikin wuraren farko da aka yi harbi a Kamaru. Faransawa suka kawo hari daga Fort-Lamy aka kore su, suka sake dawowa a watan Satumba suka ci barikin. Sojojin Jamus da suka tsira suka gudu dutsen Mora, inda Kyaftin von Raben ya dage har 18 ga Fabrairu 1916, shi ne na ƙarshe da ya miƙa wuya a duk Kamaru. A wannan Satumba ɗin dai, ranar 27, Duwala ta faɗa hannun Ingila da Faransa. Ku lura da kyau: ƙofar arewa da ƙofar teku a wata guda suka buɗe. Ita kanta unguwarmu 'yar wancan zamani ce. Jamusawa ne suka shata New Bell lokacin da suke ƙwace filayen mutanen Duwala na bakin ruwa, rikicin da ya kai ga rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta 1914. Daga baya unguwar ta zama masaukin baƙi, kakanninmu na cikinsu. Faransawa kuwa suka sa wa Kuseri suna Fort-Foureau, sai bayan samun 'yancin kai tsohon sunan ya dawo.

A Yaƙin Duniya na Biyu ma igiyar nan ta sake ɗaure garuruwan biyu. Ranar 26 ga Agusta 1940 Gwamnan Cadi Félix Éboué ya bi Janar de Gaulle. Washegari Leclerc ya wayi gari a Duwala bayan ya shigo da kwale-kwale cikin dare, ya karɓe mulki. Daga baya ya koma Fort-Lamy, daga can ya ratsa hamada ya ci Kufra a Libiya a Maris 1941. Yawancin sojojinsa baƙaƙen fata ne na Cadi da Kamaru. Hanyar mota da ta taso daga Kano ta Maiduguri zuwa Fort-Lamy, wadda kayan yaƙi suka riƙa bi, a Kuseri take ƙetare ruwa. An gina wa Leclerc abin tunawa a Bonanjo. Waɗanda suka ɗauki kaya a ka da waɗanda suka mutu a rairayi, Allah ne kaɗai Ya san sunayensu.

Shekarar da gari ya zama masauki

Idan aka tambaye mu wace rawa ce mafi girma da Kuseri ta taka a lokacin yaƙi, ba za mu ce 1900 ba, za mu ce 1980. A watan Maris na shekarar yaƙi ya ɓarke a tsakiyar Njamena tsakanin mayaƙan Goukouni Weddeye da na Hissène Habré, aka yi wata tara ana ruwan wuta, har sai da sojojin Libiya suka shigo a Disamba. Lokacin babu gada. Gadar Ngeli sai 1985 aka gama ta. Mutane suka riƙa ƙetarowa da kwale-kwale, wasu da ƙafa inda ruwa ya janye, da tabarma da tukunya a ka, da yara a baya. Garin da a ƙidayar 1976 bai kai mutum 15,000 ba, ya karɓi 'yan gudun hijira wajen 100,000. Kowane mai gida guda, baƙi sun fi shida.

Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa sansani, sojojin Faransa suka kafa asibitin tanti don masu rauni. Amma kafin tanti ya iso, zauruka da masallatai da makarantu da inuwar bishiya su suka fara karɓar mutane. Ba a tambayi mai shigowa ƙabilarsa ko addininsa kafin a miƙa masa ruwa ba, alhali cikinsu akwai Musulmi akwai Kirista. Wannan ita ce sunnar mutanen Madina da Alƙur'ani ya yaba a Suratul Hashri, waɗanda suka fifita baƙo a kan kansu alhali su ma suna da buƙata. Da yawa daga baƙin ba su koma ba. A ƙidayar 1987 garin ya haura mutum 50,000, a ta 2005 ya kusa 90,000.

Ba talakawa kaɗai suka sha ƙetarawa ba. A Disamba 1980 Habré ya gudo Kamaru. A Yuni 1982 ya dawo ya ci Njamena, Goukouni ya gudo ta wannan ruwa. A Disamba 1990 Idriss Déby ya shigo, Habré ya sake ƙetarowa, daga nan ya wuce Senegal. Wanda ya kori wani jiya, yau shi ke neman mafaka. A farkon Fabrairu 2008 'yan tawaye suka shiga Njamena, cikin kwana biyu zuwa uku dubun-dubatar mutane suka cika gadar Ngeli, har aka buɗe sansani a Maltam. A Janairu 2015 kuma gadar ta ga tafiya ta wata fuskar: sojojin Cadi ne suka bi ta cikin Kuseri zuwa Fotokol don yaƙar Boko Haram, fitinar da ta kashe malamai da almajirai da 'yan kasuwa, ta kuma durƙusar da cinikin hanyar Gamboru shekaru.

Ranar da masu masauki suka zama baƙi

Da a nan labarin ya tsaya, da mun rufe da yabo kawai. Amma amana ce mu faɗi sauran. A ƙarshen Janairu 1992, lokacin da siyasar jam'iyyu da yawa ta dawo, rikici kan rajistar masu zaɓe ya rikiɗe ya zama faɗa tsakanin Kotoko da Larabawan Shuwa a cikin Kuseri, aka rasa rayuka da dama. Mutanen da suke sahu ɗaya ranar Juma'a, waɗanda suka yi auratayya tun kaka da kakanni. Sannan a Disamba 2021, gardama kan ruwan sha na dabbobi da ramukan kamun kifi a wajen Logon-Birni, tsakanin makiyaya Larabawa da masunta da manoma Musgum, ta bazu har cikin gari, aka ƙone kasuwar shanu. A wannan karon, kwale-kwalen gabas suka nufa. Dubun-dubatar 'yan Kamaru, yawancinsu mata da yara, suka ƙetare zuwa Cadi, kuma 'ya'yan waɗanda aka saukar a 1980 su suka shimfiɗa musu tabarma.

Dalilan a fili suke: ruwa na raguwa wata shekara, wata shekara ya yi ambaliya, mutane da dabbobi sun ƙaru, fili bai ƙaru ba, bindigogin yaƙin Cadi sun zauna a hannun jama'a, 'yan siyasa kuma sun gano cewa ƙidayar ƙabila ta fi ƙidayar aiki sauƙi. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya halatta jinin maƙwabci.

Abin da ya rage gare mu

To, me ya kai mu wannan dogon zance, mu da muke bakin teku? Abu uku.

Na farko, mu ma zuriyar baƙi ne. An saukar da kakanninmu a ƙasar Duwala, aka bar su suka gina masallaci suka kira salla. Wanda aka saukar ba shi da bakin korar baƙo. Yau a unguwanninmu akwai waɗanda suka gudo daga Bangi, daga Barno, daga Mayo-Sava da Logon da Shari. Kada mu ninka musu kuɗin haya don mun ga ba su da zaɓi. Mu sa 'ya'yansu a Islamiyya ko da ba su da kuɗin wata, mu tuna da su a rabon zakka da naman layya.

Na biyu, wutar ƙabilanci ba ta da nisa da kowa. Dattawanmu suna tuna gobarar unguwar Kwango ta Afrilu 1960, lokacin da rikicin siyasa ya shiga tsakanin maƙwabta, dubban mutane suka kwana a fili. Idan faɗa ya tashi a arewa, saƙonnin WhatsApp sukan riga motoci isowa Duwala. Kada ɗayanmu ya tura abin da bai tabbatar ba, kada kuma a shigo da gabar Logon cikin sahun New Bell. Suratul Hujurati ta koya mana duka biyun: bincika labari kafin aiki da shi, da sanin cewa an yi ƙabilu ne don a san juna.

Na uku, ga ɗalibai musamman: ku rubuta. Ku zauna da tsofaffin direbobi da fataken shanu da hajiyoyin da iyayensu suka je Makka ta ƙasa, ku tambaye su zangon da suka bi da wanda ya sauke su, ku rubuta da boko ko da ajami, ku kawo wa kwamitin wannan mujalla. Duk dattijon da muka kai makwanci ba mu tambaye shi ba, da littafinsa muka binne shi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a waɗannan fitinu, Ya mayar da masu gudun hijira gidajensu lafiya, Ya saka wa duk wanda ya buɗe ƙofarsa da alheri. Allah Ya zaunar da Kamaru da Cadi da Nijeriya lafiya, Ya haɗa zukatanmu a kan gaskiya. Amin.